Alamar da Na Tsallake

Boɗinga, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta iske ki cikin lafiyar jiki da natsuwar zuciya, Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki ranar Asabar, Ya sauke ki Abuja lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da kika samu.

Na san za ki yi dariya, ki ce gida ɗaya muke, tsakanin ɗakina da naki bai fi taku goma ba, me ya kawo wasiƙa? To, sunan mahaifiyata gare ki, kuma tun kina goye ban taɓa iya kallon idonki in faɗi abin kunyata ba. Ban da haka, rabin rayuwata a gaban tafireta na yi shi, ina buga maganar mutane. Yatsuna sun fi bakina iya zance. Ki yi haƙuri da tsawonta.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ya faru ne ranar Alhamis, da na kai ki a babur ƙaramin asibitin nan na wajen Dingyaɗi don ki nuna mini aikin da kika shekara kina yi. Bari in maimaita abin da na fahimta, in na karkace ki gyara mini.

Kin ce bayanan magani da ma'aikatan asibiti ke dubawa an rubuta su ne da tsarin da ake rubuta shafukan intanet, wanda kuke kira HTML. Rubutu ne zalla, amma an cusa masa alamomi a tsakani: wannan alama tana cewa nan kan magana ne, waccan tana cewa nan a ja jadawali, wata kuma tana cewa a kaurara harafin nan. Kin ce manyan manhajojin da aka saba buɗe irin waɗannan shafuka da su sun yi wa tsofaffin kwamfutocin teburin asibitocinmu nauyi, a danna a yi ta jira har mara lafiya ya gaji da zama. Shi ne kika nemo wani ɗan ƙaramin aiki da wasu bayin Allah suka rubuta suka bar wa duniya kyauta, wanda kuke ce wa laburare ko da yake babu littafi ko ɗaya a cikinsa, kika dasa shi a manhajarki. Aikinsa kawai ya karanta alamomin, ya zana shafin a fuskar kwamfuta. Ba ya neman intanet, ba ya cin ƙarfin inji.

Na ga Malama Luba, ma'aikaciyar wurin, ta auna nauyin wani jinjiri mai zazzaɓi, ta danna, nan take jadawalin awon magani ya fito, ta bi shi da yatsa ta zuba wa uwar yaron abin da ya dace. A raina na gode wa Allah da Ya ba ni ke.

A kan hanyarmu ta dawowa ne kika faɗi maganganu biyu da suka hana ni sakat. Kika ce, "Baba, wanga ai aikin talauci na. Can inda za ni, in na gwada musu dariya za su yi. In na samu sarari rushe shi za ni yi, in sake da babban inji irin na kowa."

Ni kuma na tambaye ki, "To, in ɗan laburaren naki ya iske alamar da bai sani ba hwa?"

Kika ce, "Sai shi tsallake ta shi wuce. Ba shi cewa komi."

Kin ga na yi shiru har muka iso gida, kika ɗauka iskar babur ce ta hana ni magana. Ba ita ba ce. Wani abu na tuna wanda ko mahaifiyarki ba ta san dukansa ba.

A zamanin Jamhuriya ta Biyu ina saurayi, sabon akawu mai buga tafireta a wani ofishi nan Boɗinga. Ba ki ga lokacin ba, kuma da wuya in iya kwatanta miki yadda kanmu ya kumbura. Mutumin ƙasarmu ne ke riƙe da mulkin Nijeriya baki ɗaya. Hanyar nan da ta bi ta gabanmu zuwa Shagari ba ta rabuwa da manyan motoci da 'yan kwangila. Kowa gani yake abin da ke hannunsa ya tsufa, sabo na nan tafe daga ƙasar waje.

A ofishinmu akwai wani dattijo, Malam Sanda, mutumin Shagari, shi ya koya mini aiki. Shi ke kula da injin gurza takarda, wani baƙin ƙarfe mai marfi da hannu kamar na injin niƙan gyaɗa. Sai ka buga rubutu a sitansil, wata takarda mai kaki wadda haruffan tafireta ke hudawa, ka naɗa ta a gangar injin, ka shafa tawada, ka yi ta juya hannu takardu na fitowa. Yana ɓata riga, yana gajiyar da kafaɗa, amma ba ya neman lantarki, kuma in ya yi gardama ɗan man keke da tsumma sun ishe shi.

Wata rana babban akawu ya kira mu ya ce an ba shi dama ya sayo injin fotokwafi, yana son jin ra'ayinmu, a ajiye tsohon ko a fitar da shi, don ɗakin ba ya ɗaukar biyu. Malam Sanda ya ce, "Ranka shi daɗe, a sawo sabon, ban ƙi ba. Amma a bar wanga ko a baranda na. Ba mu san mi gobe ka zakkuwa da shi ba."

Ni kuwa, da shekaruna ashirin da 'yan kai, na yi dariya a gaban kowa na ce, "Baba, zamanin gurza ya wuce. In an zo daga Sakkwato anka ga wanga ƙarhe a ƙohwarmu, ai sai a ce mu 'yan ƙauye na."

Aka bi maganata. Sai da ƙarti huɗu suka kama kafin sabon inji ya shiga ɗaki. Ba da jimawa ba Malam Sanda ya ajiye aiki, ya roƙi a bar masa tsohon, aka ɗora masa a bayan a-kori-kura ya tafi da shi Shagari. Ban ko fito na yi masa sallama ba, ina ciki ina danna maɓallai.

Gaskiya sabon ya yi aiki mai kyau. Takarda ta fito tas kamar daga maɗaba'a. Amma yana da sharuɗɗa: sai da lantarki mai ƙarfi, sai da wani garin tawada da ake kawowa daga Turai, sai da irin takardarsa. Da kuɗin mai ya faɗi, gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kayan waje suka yanke. Mutane suka koma layin shinkafa da sabulu da madara, wa ke ta garin tawada? Ranar da garin tawadar da ya rage mana ya ƙare, na lulluɓe injin da zane. Bayan wata biyu sai ga shi mun mai da shi teburin ajiye fayil.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ga abin da nake so ki ɗauka daga ciki. Ban ce babban abu ba shi da amfani ba. A Abuja, inda lantarki da sababbin kwamfutoci da intanet suke, ki koyi babban injin, ki iya shi fiye da kowa. Amma kada ki auna kayan aikin Dingyaɗi da idon mutumin da bai taɓa zuwa Dingyaɗi ba. Ki auna shi da kwamfutar da ta fi kowace tsufa a cikin asibitocin nan, a ranar da ta fi kowace muni. Abin da kika kira aikin talauci, ni sani na gani a cikinsa: kin san wurin, kin san abin da zai iya ɗauka. Ni ba don tsohon inji ya kasa aiki na fitar da shi ba, don ina jin kunyar a gan ni da shi ne. In wata rana za ki canza ɗan laburarenki, ki tabbata gazawarsa ce ta sa, ba dariyar wani ba.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai.

A ƙarshen daminar wata shekara cikin waɗannan shekaru na ƙunci, wani ƙwaro ya faɗa wa albasa a fadamun Mandera da Dandin Mahe. Akwai malamin gona a ofishinmu, Malam Haliru, mutum mai sanyin hali wanda manoma ke ji da shi. Ya samo maganin feshi da ƙyar, amma magani ne mai ƙarfi, sai an bi awo. Ya rubuta sanarwa da Hausa da hannunsa, ya kawo mini ya ce yana son ta da yawa kafin ranar kasuwa, don a raba tare da maganin.

Babu inda zan gurza ta a Boɗinga. Haka na hau keke na nufi Shagari, ina tafe ina shirya yadda zan haɗiye baƙar maganar da na tabbata tana jirana.

Na iske Malam Sanda a wata rumfa kusa da kasuwa, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun koke. Ga tsohon injin a gefensa, ya sha mai yana ƙyalli. Da ya gan ni sai ya ce, "Bello, kai na? Zamna ka huta." Ya miƙo mini ruwa a kwano. Na faɗi abin da ya kawo ni kaina a ƙasa. Bai ce "ai na gaya muku" ba. Cewa ya yi, "Ga tafireta, ga sitansil. Injin ga ba shi riƙon mutum a zuci."

Inno, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kirkinsa ya fi mari zafi. Babu abin da nake so illa in gama in bar wurin.

A wancan zamani mu ma muna da alamominmu, kamar naku. Mai rubutu yakan bi takardarsa da jan biro: layi biyu a ƙarƙashin kalma, a buga ta da manyan haruffa, kibiya, a matsar da jimla, da'ira, a bar fili. Malam Haliru ya ja ɗan jadawali mai gida biyu. A gidan farko ya rubuta "albasar da aka dasa ta kama ƙasa", a gabanta ya sa murfi uku na magani cikin tulun feshi. A gida na biyu ya rubuta "irin da ke fangali, wanda bai kai dashe ba", amma bai sa awo ba, sai wata 'yar alama ja mai kama da sawun kaza.

Ban san alamar ba. Ban taɓa ganinta ba. Kuma tun ranar da na fara aiki Malam Sanda ya gaya mini, "Alamar da ba ka sani ba, tashi ka tambayi mai ita. Tahiya ba ta cinye ƙahwa." Ga shi zaune, tsakanina da shi taku uku. Da na juya na nuna masa, da ya ce mini in duba bayan takardar, don ma'anarta ke nan. A bayan kuwa Malam Haliru ya rubuta cewa ɗanyen iri rabin murfi kawai ake sa masa, kuma da yamma, fiye da haka zai ƙone shi.

Ban juya ba. Na ce wa kaina gwajin biro ne. Jadawalin kuma ya yi wa sitansil faɗi, sai na rushe shi na haɗa gidajen biyu a layi ɗaya: albasa da iri, murfi uku.

Da na zare sitansil ɗin, Malam Sanda ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in karanta maka tare da ta asali kahin mu ɗora. Ido huɗu sun hi biyu."

Na ce, "Na duba, Baba."

Ya dube ni ɗan lokaci, sa'an nan ya naɗa ta a ganga. Shi da kansa ya juya mini hannun injin har muka gama.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, wani manomi daga Mandera ya shigo ofis. Sunansa Jaɓɓi, dogo, mai furfura a gemu. Ya kwance bakin wani tsumma a kan teburin Malam Haliru. Irin albasa ne, ya yi ja ya lanƙwashe kamar an bi shi da wuta. Ya ciro takardarmu daga aljihu, a ninke da kyau, ya shimfiɗa kusa da shi. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, ni nik karanta da kaina. Ajin yaƙi da jahilci nis shiga shekara biyu don kak kowa shi riƙa karanta min. Murhi ukku anka rubuta, murhi ukku nis sa. Fangali goma sha biyu, dut sun tahi. In ni nib ɓata karatun, a gwada min inda nib ɓata."

Malam Haliru ya ɗauki takardar ya karanta a hankali. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ina can bayan tafireta. Sai ya mai da ido ga manomin ya ce, "Ba ka ɓata ba, Jaɓɓi. Karatunka daidai na. Laihinmu na."

Ba shi kaɗai abin ya sama ba, amma shi ne ya zo. Lokacin yafa sabon iri ya wuce, ga iri ya yi wuyar samu a shekarar. Wannan rani Jaɓɓi bai dasa ko albasa ɗaya ba. Ya bar iyalinsa wurin ƙanensa ya tafi cirani kudu, wanda bai taɓa yi ba tun yana saurayi.

Yanzu kin gane abin da ya rufe mini baki a kan babur. Da kika ce ɗan laburarenki in ya iske alamar da bai sani ba sai ya tsallake ya wuce bai ce komai ba, kaina na gani a rumfar Malam Sanda. Ni ma shafin da na fitar ya yi kyau, babu kure ko ɗaya a haruffansa. Wanda ya karanta ba shi da hanyar sanin an bar wani abu a baya. Kuskuren da ya fito da kamannin kuskure, kowa zai kauce masa. Wanda ya fito tsaf shi ke halaka mutane.

Ban san aikinku ba, kada in koya wa kifi iyo. Amma ga abin da nake roƙonki kafin ki tafi. Ƙaramin abu ba laifi ba ne don bai san komai da komai ba. Laifin ya yi shiru a kan abin da bai sani ba. Ki sa manhajarki ta yi magana. Duk shafin da ta iske alamar da ta fi ƙarfinta, ta rubuta da ja, da Hausar da kowa zai gane, cewa akwai abin da bai fito ba a nan, a duba littafi kafin a ba da magani. Gara Malama Luba ta tsaya ta yi tsaki ta ɗauko littafi da ta bi jadawalin da ya rasa gida ɗaya. Sa'an nan ki buɗe kowane shafi na awon magani a babbar manhaja da kuma a taki, gefe da gefe, ki bi su layi layi. Kada ki yi shi ke kaɗai. Ki zaunar da ita kusa da ke, ita ta karanta ɗaya ke ki bi ɗaya, don wanda ya gina abu idonsa abin da ya yi niyya yake gani, ba abin da ke gabansa ba. Su kuma masu rubuta shafukan can birni, ki aika musu jerin alamomin da laburarenki ya sani, su tsaya a kansu.

Ki kuma rubuta yadda ake zuba sababbin shafuka daga filashi, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, da abin da za a yi in ta ƙi buɗewa, ki manna a bangon kowane asibiti. Na ji kin ce in wani abu ya faru su kira ki a waya. Ranar da za su fi bukatarki, ranar ce za ki kasance a taro ko wayarki ba caji.

In kwana huɗun nan ba su isa ba, ki kira waɗanda suka ɗauke ki aiki ki nemi ƙarin mako, ki gaya musu dalili ba ɓoye-ɓoye. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne, na san yadda kika wahala kafin ki samu aikin nan. Zai yiwu su ji haushi. Ni dai na ga abin da gaggawar barin wuri ke haifarwa.

Tsallake alamar nan shi ne kuskurena na biyu. Saura na uku, wanda ya fi sauran nauyi.

Ranar da Jaɓɓi ya fita, babban akawu ya tambaya, "Wa yab ɓata wagga takarda?" Malam Haliru ya ce sanarwarsa ce, shi ke da alhakinta. Ni ina zaune. Kalma biyu ake nema daga bakina: ni ne. Na tuna watana huɗu da aure, na tuna yadda ake raɗe-raɗin rage ma'aikata, sai na sunkuyar da kai na gyara zaren tafireta wanda babu abin da ya same shi.

Aka rubuta wa Malam Haliru takardar tuhuma. Ni na buga ta. Manoma suka ja baya da shi. In ya je ƙauye a gaishe shi da mutunci, a karɓi takardarsa a ajiye ba a karanta ba. Da soja suka karɓe mulki aka zo rage ma'aikata, duk mai tabo a fayil shi aka fara dubawa. Jerin sunayen ma ni na buga. Da yatsun nan da nake rubuta miki wasiƙa na buga sunansa, na tabbatar ban yi kuren harafi ba. Ya tattara 'yan littattafansa, ya bi mu ɗaya ɗaya ya yi mana sallama, har da ni. Ya koma Dandin Mahe ya kama noma.

Ni na ci gaba da aiki har na yi ritaya. Da albashin kujerar nan aka ciyar da ku, aka kai ki makaranta. Ki san wannan.

Shekaru da yawa suka wuce. In na hango Malam Haliru a kasuwa sai in canza layi. Sai da Allah Ya yi wa Malam Sanda rasuwa, na je zaman makoki Shagari, na iske Malam Haliru a can, ya tsufa, yana dogara sanda. Da aka shafa fatiha muka fito tare zuwa bakin hanya jiran mota. Babu kowa sai mu biyu a gindin wata bedi. Ban shirya ba, kawai na ji bakina yana cewa, "Malam, takardar albasar nan, ni nit tsallake alamarka."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Na sani, Bello. Ta asalin tana hannuna, rubutuna na bayanta."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "Kai sabon ango na, ba ka da komi. Ni ina da gonar gado. Wannan ɗaya. Na biyu, so nike in ji daga bakinka. Na jira ka mako, na jira ka wata. Ranar sallama, bayan ka buga sunana, har na tsaya bakin teburinka na ɗan jima, ko ka tuna? Daga nan nib bar jira."

Na tuna. Na ɗauka sallama ce kawai ta yi tsawo.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Nawa na yahe tun tuni, don kak in kai shi kabari. Amma na Jaɓɓi ba ni ka yahe shi ba. Shi ka nema."

Na ce gobe-goben nan zan tafi Mandera. Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Damina biyu ke nan da munka binne shi. Ya dawo daga kudu ya ci gaba da nomanai, ya samu rufin asiri. Sai dai bai ƙara karanta takarda ba. In anka ba shi sai shi ce shi bai iya ba."

Mota ta zo, ya hau, ni na tsaya. Na je Mandera daga baya na gaya wa 'ya'yansa, suka ce sun yafe, sun ma yi mamakin dattijon da ya zo a kan albasar da ta ƙone kafin a haifi wasunsu. Amma mutumin da ya tsaya a gabana yana tambaya ko shi ne ya ɓata karatu, bai taɓa jin amsa daga wanda ya kamata ba. Wannan yana wuyana, da shi zan tashi.

Ɗiyata, za ki yi kuskure a wurin aikin nan. Duk mai aiki yana yi, kuma irin naku kuskure ɗaya kan shiga kwamfuta ɗari kafin a farga. Ba na roƙon Allah Ya hana ki kuskure, don wannan ba na ɗan Adam ba ne. Ina roƙon Ya ba ki bakin faɗa tun abin yana ɗanye. A ranar farko kalma biyu ce. In ta kwana ta zama goma, in ta shekara ba ta fita sai da jini. Kuma ki kula da mutum mai kirki da zai so ya rufa miki asiri ya ɗauki laifinki. Ki gode masa, amma kada ki bari. Sau da yawa ba rufin yake so ya yi ba, jira yake.

In abin ya faru kika ji tsoro ya kama ki, ki kira ni kafin ki shiga wurin shugabanki. Ba gyara zan yi miki ba, ban san ko maɓalli ɗaya na aikinku ba. Ki dai faɗa mini, kunnenki ya ji bakinki ya furta sau ɗaya. Na biyun zai zo da sauƙi.

Sauran nasihohi, na salla da abinci da zama lafiya da gwaggonki da za ki sauka wurinta, mahaifiyarki ta fi ni iya su, kuma na ji tun makon jiya take yi. Ki riƙa kiranta ko ba labari. Mutanen nan da suka rubuta laburaren suka bar shi kyauta, ki sa sunansu a inda ya dace a aikinki, ki kuma sa su a addu'a ko da ba ki san fuskarsu ba.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciyarki. Ya sa albarka a hannunki, Ya sa kada a cutu ta dalilinsa. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duk abin da ke tsakanin ɗiya da uba. Ke ma, yanzu da kin san wane ne mahaifinki, ki yafe mini.

Mahaifinki,
Bello Akawu